Bayan Katin

Ran Alhamis nakan bi ta Sabon Gari,
in tsaya ƙofar maɗaba'ar Lawali Ɗan Tanut.
Ba ya tambaya. Da haɓa yake nuna kwali:
"Ga sharar taki nan, Inna Barira."
Sharar tawa, gefen takardun da wuƙar inji ta sare,
sirara kamar taliya,
shuɗi daga katin aure, ja daga tallar maganin sauro,
da wani ruwan ƙwai da ban san asalinsa ba.

Shekara talatin ina buga hatimi a gidan waya.
Wasiƙun mutane sun bi ta hannuna kamar tumaki a mashaya,
ban buɗe ko ɗaya ba.
Da aka sallame ni, ƙafa ta zauna,
hannu ya ƙi.

Tun dare nake jiƙa ƙaro a murfin kwalba,
gam na kanti tsada gare shi, ga wari.
Almakashin na marigayi ne, na gyaran gemu,
yakan tauna takarda in ban lallashe shi ba.
Cima jikata ke zaɓen launi, ni ke yanka,
mu biyu a gindin dogonyaro,
mun danne tarkacenmu da duwatsu huɗu saboda iska.
Damagaram dai ba ta rasa dutse.

Mun yi tsuntsu, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Mun yi dutsen Birni da takardar siminti,
muka rataya masa wata da azurfar kwalin shayi.
Cima ta ce, "Inna, wa ke son kati yanzu?
Latsa salula sau ɗaya,
barka da sallah ta shiga gida ɗari."
Na ce, to,
ita da ta shiga gida ɗari,
a wane gidan ta kwana?

Na Maniru muka yi a ƙarshe,
damina uku ke nan yana haƙar zinariya a Jado.
Takarda mai kauri ta ƙare,
na ɗauko wata daga ƙarƙashin tabarma ban duba ba,
na manna tsuntsun a farin gefenta.
Ba adireshi. Rami ba ya da lamba.
Na kai tasha, na damƙa wa Kyari direba,
ya sa a aljihun gaba, kusa da goro.

Sallah ta zo ta wuce.
Kitson sallah ya tsufa, Cima ta tsefe.

Sai wani dare salula ta yi kuka,
muryarsa na zuwa tana yankewa kamar ruwan famfo.
"Inna, katin ya iso.
Tsuntsun ya ɓalle a hanya, fiffike ɗaya ya rage,
dogon.
Amma na juya bayan."
Ya yi shiru har na ɗauka layi ya tafi.
"Takardar kuɗin ruwa ce, Inna.
Ga sunan Baba. Ga Garin Malam an rubuta.
Jika uku da dala arba'in.
Na karanta ya fi sau goma.
Na ji famfon gidanmu yana tari da asuba
kafin ya yarda ya ba da ɗigo,
na ga jarkoki a jere har bakin zaure,
na ga akuyar maƙwabta tana lasar bakin tiyo."
Ya ja hanci, ya ce,
"An biya kuwa?"

Na ce an biya.
Allah ya yafe mini, sai washegari na biya.

Yanzu kowane guntu sai na juya shi kafin in shafa ƙaro:
rabin sunan amarya, wutsiyar lissafin wani ɗan lakwal,
farashin gero na bara.
Aikin ya ƙara jinkiri.
Jiya Cima ta ɗaga wani kati, ta duba nan, ta duba can,
ta ce, "Inna, ina ne gaban?"
Na ce ta ajiye shi ya bushe tukuna.