Jelar Zakaran Sohei

Sohei Tokuhiro ya ajiye tuƙin bas
shekarar da gwiwarsa ta fara ƙara,
ya koma bayan gida, can gefen Nankoku,
inda gonakin shinkafa ke jin ƙamshin teku.
Kaji yake so, ba don ƙwai ba,
ba don romo ba. Don jela.

Irin zakarun kakanninsa ne,
masu jelar da ba ta zubewa,
sai dai ta yi ta tsawo, shekara kan shekara,
har ta ninka tsayin mai kiwonta.

Kullum da safe, kafin shayi,
zai buɗe dogon akwatin katako,
ya sauko da farin zakara daga kan sanda,
ya naɗe jelar a hannun hagu
kamar mai tattara igiyar guga,
su yi zagaye ashirin a tsakar gida,
zakara a gaba, dattijo a baya.
Fumie ta leƙo ta taga, ta ce:
"Shekara talatin kana jan mutane a mota,
yau ga tsuntsu yana jan ka."

Yana da littafi mai baƙin bango:
uwa kaza, uba kaza, rana kaza.
Ƙwai sha ɗaya, bakwai suka fashe da rai.
Biyu ba su ga kwana uku ba.
Ɗaya yatsarsa ta karkace.
Ɗaya ya zubar da jela da sanyin farko,
aka ba Okabayashi mai gyaran keke,
wanda bai tambayi asalinsa ba,
ya tambayi nauyinsa.

Sai aka sami Shirotaki.
Fari fat, ƙafa siririya, ido kamar garwashi,
jela mita biyar da ɗan taki.
Masu hoto suka zo daga Kochi,
suka cire takalmi, suka yi magana ƙasa-ƙasa.
Sohei ya haɗa shi da zaɓaɓɓun kajinsa.
Bazara uku yana ɗaga ƙwai gaban tocila,
bazara uku haske na wucewa fayau,
babu jijiya, babu ɗigo.
Ɓaragurbi. Ɓaragurbi. Ɓaragurbi.

Daren da guguwa ta ɗauke wuta,
ya kunna kyandir, ya gyara tabarau,
ya bi littafin daga baya zuwa farko
da yatsa, kamar mai neman tashar da ya tsallake.
Duk zakaran da jelarsa ta tsaya,
uba daban, uba daban,
amma gefen uwa lamba ɗaya ce:
sha huɗu.

Sha huɗu!
'Yar ƙaramar nan mai yagaggen zanko,
mai kwana a kan tsohon injin wanki,
wadda sau biyu ya ɗaure ƙafarta
zai kai wa Okabayashi, ruwa ya hana.
Shekara tara yana yaba wa zakaru
aikin da take yi shiru a lungu.

Ya faɗa wa Fumie da asuba.
Ba ta ce komai ba. Ta zuba masa miya,
kafaɗarta kawai ke rawa.

Sha huɗu ta tsufa. Ƙwai ɗaya a mako,
wani makon ma ta manta.
Ya sa ta da ƙanen Shirotaki,
wani mai cara kamar ƙofa mai tsatsa,
ya jira.

Yau ƙwai na huɗu ya kwana bakwai a ɗumi.
Ya rufe labule, ya ɗaga shi gaban tocila.
Ga jan zare nan, ya yi rassa,
ga ɗigo baƙi yana motsi.

Jela sai ta shekara shida
kafin ta nuna ko wace ce ita.
Shi kuwa saba'in da huɗu yake.
Ya yi lissafin a zuci, ya bar shi a can.
Ya buɗe sabon shafi,
alƙalamin na rawa a hannunsa.
Fumie ta karɓa, ta ja kujera,
ta ce: "Faɗi. Uwa tukuna."