Bokiti Bakwai

Ni ke sharar dare
a makarantar gwamnati ta bakin kogi, a Toledo.
Kafin in taɓa tsintsiya sai na zubar da bokiti bakwai
da rufin ajin Malama Odessa ya cika tun safe.

Da kuɗin cefanenta take sayen fensira.
Ba ta faɗa ba,
rasit nake tsinta a kwandon shara.

Tsallaken gada, inda gidaje ke da tsada,
harajinsu ya gina wa 'ya'yansu wurin iyo.
Mu namu ruwan ta silin yake zuwa, kyauta.

Ran Talata muka cika bas zuwa Kolambus.
'Yata Rumasa'u ta rungume bokiti guda
a ƙofar majalisar jiha, ba ta ce uffan ba.
Wani mai kwat ya leƙa ciki,
ya ce kasafi na nan tafe.

Mun dafa dutsen, ranka ya daɗe,
romon muke jira.

Daren jiya na ƙirga: shida.
Ban sani ba ko gyara aka soma,
ko wanda muka kai ne muka manto a can.