Kafaɗar Hagu

Da tsakar dare na saye ta, ina kwance,
waya a kan ƙirji, shayi ya huce.
Saurayin da ke hoton dogo ne, kafaɗu a miƙe,
fatar tana sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Na ce haka zan fito a tashar jirgin ruwan Kadıköy.
Na danna. Kuɗi suka fice ba sallama.

Kwana huɗu sai ga kwali.
Na saka, na tsaya gaban madubi.
Feride ta leƙo daga kicin da albasa a hannu,
ta ce, "Tuncay, wa ya ba ka aro?"
Hannun dama daidai wa daida.
Na hagu ya haɗiye mini yatsu,
wuyan ya karkace kamar mai fushi da ni.
Na mayar musu da abarsu.
Suka aiko saƙo: tauraro nawa za ka ba mu?

Ran Asabar na nufi Zeytinburnu.
Tun daga bakin lungu warin jima ya tarbe ni,
warin da waya ba ta iya ɗaukowa.
Shagon Nusret matakala uku ne ƙasa da titi.
Bai tambaye ni lambar da nake sawa ba.
Ya zagaya ni sau ɗaya, alli a bayan kunne,
ya dafa kafaɗata ta hagu:
"Shekara nawa kana ja da wannan?"
Ashirin da shida, na ce. Igiyar jirgi.
Gaɓar Asiya, gaɓar Turai, safe da yamma,
ni ke ɗaurewa, ni ke kwancewa.
Ni mai kafaɗar ban san ta sunkuya ba.

Ya shiga ciki, ya fito da wata jaket ruwan ƙasa.
Na gane zif ɗin.
Na gane ɗan tabon da ke ƙasan aljihu.
Na cusa hannu, sai ga matajina,
wanda na yi kwana tara ina zargin Feride da ɓatarwa.
A bayan labule kuma ga saurayin hoton,
jikansa ne ashe,
yana cin burodi da cuku,
bai ko kai ni tsawo ba.

Tsohon ya farke ɗinki, ya rage, ya yi ciko,
allura a baki, yana magana ta hanci.
Ya ɗora kuɗin aiki kan farashin waya.
Muka ja ciniki har kofin shayi uku,
bai sauko da ko lira ɗaya ba.
Na biya ina gunaguni.

Ran Litinin iskar teku ta zo da haushinta,
ta laluba wuyana, ta rasa ƙofa.
Na jefa igiya, fatar ta bi hannuna
kamar tare aka haife mu.

Feride ta ce an cuce ni sau biyu a kan riga ɗaya.
Wataƙila.
Har yau wayar tana tambayata taurari,
ni kuwa ban san wa zan ba ba,
kakan ko jikan.