Layi na Shida

Ɗakina a Bukoki taku huɗu ne da rabi.
Na lulluɓe bango da kwalin ƙwai,
na toshe taga da tsohuwar katifa
don kada injin markaɗen maƙwabta ya shiga waƙar mutane.

Shekara uku ina haɗa sauti da ɓeran kwamfuta.
Danna, ja, saki. Danna, ja, saki.
Yatsa ɗaya na noma, tara na zaman kashe wando.
Sai ranar da tsoho Nomau ya zo daga Dogon Dutsi
da guruminsa cikin buhun shinkafa,
ya rera, ya yi tari, ya ci gaba da rerawa.
Ina son in kwantar da tarin, in ɗaga tsirkiya
a numfashi guda.
Ɓera bai san numfashi ba.

Asabar na hau kabu-kabu zuwa Katako,
jika ɗari da ashirin ɗaure a aljihun ciki,
kuɗin da Balkisa ke kira kuɗin firiji.

Rumfar Zabairu na bayan masu tsoffin fankoki.
Ya shimfiɗa mini biyu a kan benci.
Na farko sabo dal, ɗan ƙarami, ledarsa ba a ɓare ba,
maɓallan murɗawa jere kamar ƙwayar gurjiya,
igiya ɗaya ta ishe shi, daga kwamfuta yake shan wuta.
«Ko kuran ya ɗauke, wannan bai sani ba,» in ji shi.
A Yamai, a watan zafi,
wannan magana ta fi zuma.

Na biyun kuwa ya sha duniya.
Ta Kwatano ya shigo, gefensa a fashe,
nauyinsa kamar turmi.
Harsuna takwas masu zamewa sama da ƙasa,
in an kunna shi su miƙe da kansu,
su koma inda aka bar su jiya.
Na shida ya mutu. Zabairu bai ɓoye ba.
A ƙasan kowane harshe akwai farin salatif
da rubutun wani da ban sani ba,
biro ya koɗe, amma ana karantawa:
ganga, ƙwarya, murya, murya kuma.
A na shidan an rubuta suna, gumi ya cinye rabinsa.

Na ce a ba ni minti biyar.
Na rufe ido a tsakiyar kasuwa,
masu baro na ihun a ba su hanya,
na ɗora yatsu.
Ƙaramin sai ka tsinke shi da biyu, kamar mai cire ƙaya.
Tsohon kuwa hannu ya kwanta a kansa
yadda yake kwanciya a bayan akuyar gida.
Na tura na uku a hankali,
na ji muryar Nomau ta taso, alhali ba a kunna komai ba.

Zabairu ya yi dariya: «Malam, barci kake?»
Na ce albarka. Ya ce ƙara. Na ce layi ɗaya gurgu ne.
Muka rabu a ɗari da biyar,
ya ɗora mini waya kyauta.

Lissafi ya ce na yi wauta.
Teburina bai ɗauke shi ba sai da na cire lasifika ɗaya,
kuma duk ɗaukewar kuran, shiru muke yi tare
ni da shi, cikin duhu, muna gumi.
Balkisa ta leƙo, ta dube shi, ta dubi randar ruwa,
ba ta ce uffan ba.

Amma jiya da ƙarfe biyun dare wuta ta dawo.
Harsuna bakwai suka zabura,
kowa ya nemi gurbinsa.
Ƴata Nafisa ta ƙanƙame ni: «Baba, wa ke taɓawa?»
Na ce hannuna ne na ɗazu, bai tafi ba.

Na kwantar da tarin.
Ban share shi duka ba, na bar kaɗan
don a san mutum ne ya rera.
Na shidan yana ƙasa, bai motsa ba.
Ban ɓare salatif ɗinsa ba.