Rini

A ƙarƙashin ƙasa nake aiki, a wani asibitin Jackson,
ɗakin da ba taga, ba mai leƙowa gaisuwa.
Tsokar mutane ke zo mini a 'yan kwalabe,
in dasa ta a kaki, in yanka siriri
har ta fi ɓawon albasa,
in shimfiɗa kan gilashi, in ɗiga rini, in jira.

Ran Talata biyu suka zo tare,
duka daga gindin harshe, gefen hagu.
Ta farko ta Garland Sutphin ce, dillalin taraktoci.
Ta biyu, sai da na aje alƙalami:
Lemuel Broadnax, daga Belzoni.
Garinmu.
Shekara talatin yana jan koma a tafkunan tarwaɗa,
ran Lahadi shi ke riƙe gindin waƙa a cocinmu
da murya kamar jirgin ƙasa na wucewa can nesa.

Ga yadda rinin yake.
In ƙwayar cutar nan ce ta haifi sankarar,
tsokar kan kama launi, ta yi duhu kamar kofi,
likita ya sauke ajiyar zuciya,
don irin wannan ta fi jin gashi, ta fi jin magani.
In ba ita ba ce, gilashin ya tsaya fayau,
shuɗi-shuɗi, ba labari.

Ta Garland ta rine, ta yi kalar bayan hannuna.
Ta Lemuel ta ƙi.

Na yi dariya ni kaɗai, dariyar da ta fi kuka ciwo.
Tun da na yi wayo,
a ɗakin nan kaɗai na ga duhun launi ya zama albishir,
kuma ko a nan,
ba ƙofarmu ya ƙwanƙwasa ba.

Za su ce taba ce. E, ya sha,
ya yar da ita shekarar da aka haifi jikarsa.
Amma a takardar ba gurbin rubuta
mil saba'in da 'yan kai,
da motar da sai an tura,
da inshorar da ta tsinke ran da aikin ya tsaya,
da wata bakwai yana tsotsar alewar tari
yana ce wa Verlene mura ce, mura ce kawai.

Aka aika ragowar tsokar wata jiha
a karanto ƙwayoyin gadon ƙarin.
Mako uku, amsa ta dawo:
an ga canji, ba a san ma'anarsa ba.
To ina za a sani?
Kundin da ake gwadawa da shi,
namu a ciki ba su taka kara sun karya ba.
An auna riga a jikin wani,
an miƙo mana, ana mamakin ta ɗage.

A matakalar coci Verlene ta kama hannuna,
ta ce, ke da kike gani, me kika gani?
Ba ni da izinin faɗa.
Na yaba hularta.

Garland ya warke, na ji daɗi, Allah shaida,
na gan shi a layin kantin magani ya rame, yana barkwanci.
Ba shi ya yi rabon ba.

Lemuel kuwa, bayan an huda masa wuya,
wata yarinya mai bincike ta kawo takarda,
tana neman ya yarda a sa tsokarsa a kundin.
Ubansa ya mutu yana gargaɗi:
kada ka sa wa likita hannu a abin da ba ka karanta ba.
Sai ya karanta, shafi shida, da tabarau ɗin Verlene.
Ya jawo ɗan allon da ya zame masa baki,
ya rubuta da manyan baƙaƙe:
Su ɗauka. Su koyi karanta mu.

Yau kakinsa na aljihun tebur na tara, jere na huɗu,
bai kai girman akwatin ashana ba.
In na zo da asuba injin sanyi na gurnani ƙasa-ƙasa,
nakan tsaya da makulli a hannu
kafin in kunna fitila.