Akaifa Goma

Mai yankan farce yakan bi ta bakin ruwa a Yauri,
almakashinsa na ƙyas-ƙyas kamar kukan gyare.
Ya tsaya wajen Nomau, ya tsaya wajen Jaɓɓi,
in ya iso rumfata sai ya ɗaga hannu ya wuce.
Me zai yanka? Na riga shi da baki.

Ina ɗan shekara bakwai na fara.
Baba ya tura kwalekwale tun da hantsi,
aka yi magariba, aka yi lisha,
ina tsugune kan tudu ina ƙirga fitilun kogi.
Ya dawo lafiya, da giwan ruwa a kafaɗa,
amma haƙorana sun riga sun sami aiki.

Kakata Tumba ta jiƙa ɓawon maɗaci,
ta tsoma min yatsu har wuyan hannu.
Kwana uku ina tofarwa, ran na huɗu na lashe,
ɗaci ma in ya daɗe a gida ɗan gida ne.
Ta koma barkono, na ci ina hawaye.
Ta naɗe su da tsumma, na warware cikin dare.
Ta dube ni, ta ja tsaki.

A kan gyaran taru na girma.
Wanda ya san taru ya san halin ƙulli:
akwai wanda ba ya jin allura, ba ya jin wuƙa,
sai an lallaɓa shi da bakin akaifa.
Nawa kuwa goman nan duk gundul,
sumul kamar kan tarwaɗa,
in ƙayar kurungu ta ɗan taɓa gefe
sai ya kumbura, ya kwana bakwai yana miki.

Gwamma nake kira, 'yata ta biyu:
"Zo kwance min wannan."
Ta kwance tana dariya.
Sai ran wata kasuwar Wara,
jirgin da ya ɗauko uwarta ya yi jinkiri.
Na waiga, ga ta kan tudun nan dai,
ta tsuguna yadda nake tsugunawa,
ido a ruwa, ɗan yatsa a baki.

Ban yi mata faɗa ba.
Da wane yatsa zan nuna ta?
Na yanko zaren taru guda biyu,
ɗaya nata, ɗaya a aljihuna.
Duk wanda hannunsa ya tashi
ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa,
har zuciya ta sami sauƙi.

Ta riga ni dainawa. Yaro ba shi da tsohon bashi.
Ni kwana tara na yi,
ran na goma injin Arzika ya mutu a tsakiyar kogi
ɗauke da tarun da ban gama biya ba.
Babban yatsa ne ya biya a daren.
Da safe ta kama hannuna, ta juya shi,
ba ta ce uffan ba, ta miƙo min zarenta.
Ashe kunya ta fi maɗaci ratsa jiki.

Yau wata biyu da 'yan kwanaki.
Fari ya leƙo a kan kowane yatsa,
siriri kamar jinjirin wata.
Shekaranjiya na cire wa Gwamma ƙaya a diddige,
jiya na sosa bayana da kaina,
daɗin da na hana kaina shekara talatin.
Har yanzu hannun yakan tashi,
musamman in kogi ya yi shiru da yamma.
Sai in tare shi a hanya, dab da haɓa,
in ce masa koma, an tashi wannan biki.

Da safiyar Jumma'ar nan na ji ƙyas-ƙyas.
Na ce, "Ɗan Ige, tsaya!"
Ya waiga hagu, ya waiga dama,
na shimfiɗa masa goman a kan gwiwa.
Ya daɗe yana kallonsu don mamaki.

Na ce, "Yanke a hankali, ka bar min kaɗan,
akwai wani ƙulli da ke jirana a ɗaki."