Shuɗin Layi

A hawa na biyu, saman gidan waya,
a garin Tillery na jihar Oregon,
akwai taswirar da ta fi tagata faɗi.
Shekara goma sha ɗaya muna kallon juna.

Ni ce Odile Varnum, shugabar sashen tsara filaye da raya al'umma.
Sunan ya fi kujerar girma.
Aikina jan layi:
nan gida, nan gona, nan kasuwa,
nan kuwa na kogi ne, ko ya zo bana, ko sai zamanin jikoki.

Daren Talata zauren taro ya cika.
Minti uku-uku ake ba kowa,
amma takaicin shekara arba'in ba ya shiga minti uku.

Tsoho Ansel Prewitt ya miƙe, hula a hannu.
Gonar tuffa eka sittin,
gwiwoyi sun ƙi, 'ya'ya suna birni,
magina sun yi tayi: gida ɗari da ashirin.
Ya ce, “Gumi nawa, ƙasa tawa,
alƙalami naki?”

Yesenia Arriaga ko rigar aikin asibiti ba ta cire ba.
Wata biyar ke nan tana kwana a mota,
ita da ɗanta, bayan kantin katako.
“Ku gina ko akurki ne, zan biya.”

Wani daga baya ya ce kada a tare masa dutsen
da yake kallo in yana shan shayi.
Na rubuta wannan ma. Doka ta ce a rubuta.

Kogi kaɗai bai nemi izinin magana ba.
Shi ya riga ya sa hannu:
a bangon gidan waya, daidai kafaɗata,
akwai tabon lakar ambaliyar da ta cinye gada
ina 'yar shekara tara.
An yi fenti sau huɗu, yana fitowa.

Da asuba na sa takalman roba na taka gonar.
Ƙasa ba ta iya ƙarya in ka zo mata da ƙafa.
Daga rumbu zuwa tudu, tauri.
Daga rumbu zuwa gangare,
ruwa na bin sawuna kamar ɗan kwikwiyo.
Ansel na jingine da shinge, bai gaishe ni ba.
Can ya nuna wata bishiya da haɓa:
“Har reshe na biyu ya kai, waccan shekarar.”
Ya juya ya shige gida.

Na dawo na ja shuɗin layi.
Sama da shi gida hamsin da huɗu,
goma sha biyu na masu ƙaramin ƙarfi.
Ƙasa da shi ciyawa da agwagi.
Sai dai ruwa bai san iyakar gona ba.
Layin ya ratsa titin Alder, ya faɗa lamba tara,
gidan da uwata ke shanya a baranda,
wanda take cewa shi ne gādona.
Hannuna ya tsaya, alƙalami ya ɗiga.
Kaurin silin gashi zan karkatar, wa zai sani?
Na miƙe shi.

Majalisa ta amince, huɗu da uku.
Magina suka ce na yanka musu aljihu,
Ansel ya ce rabin kuɗi ba kuɗi ba ne,
mai son dutse ya kai ni jarida.
Uwata ta yi kwana shida ba ta ɗaga waya ba.
Ran na bakwai ta aiko da miyar kabewa,
babu saƙo, gishiri ya yi yawa.
Na shanye.

Yau aka liƙa jerin masu jira.
Yesenia ce ta goma sha huɗu.
Gidajen goma sha biyu ne.

Na kashe fitila, na sake kunnawa,
na sauke taswirar, na danne kusurwa da kofi,
ina neman inda biyu za su shiga.
A waje ruwa ya fara sauka kan rufi,
a hankali, kamar mai karanta abin da na rubuta.